Na Bar Kara, Na Rungumi Tukunya

Shekara 20 na yi ina shan taba sigari, kuma a tsawon shekarun nan mahaifiyata ba ta taɓa ganin kara a hannuna ba. Da wannan nake tinƙaho, ku ji fa. Wani yana alfahari da gidan da ya gina, wani da sauke farali, ni kuwa abin alfaharina shi ne na iya ɓuya.

A 1999 na fara, ina ɗan shekara 17, lokacin da aka kai ni Tudu wajen wani ƙanen babanmu mai sayar da takalma da jakunkuna. Duk wanda ya san Ankara, wato Akra kamar yadda muke kiranta a zango, ya san Tudu: motocin Aflawo da Lome suna lodi, 'yan canji suna kiran duk wanda ya gifta, 'yan matan kayaye suna ratsa cunkoso da manyan kwanoni a ka, kasuwar Makola kuma ga ta nan kusa. Aikina kwasar kwalaye daga mota zuwa sito. Wata rana na taya wani direba sauke kaya, maimakon ya ba ni na koko sai ya miƙo mini guntun da ya rage a bakinsa. Na zuƙa, na yi tari har da hawaye, aka kwashe da dariya. Don kada a sake yi mini dariyar, washegari na sayi nawa na je bayan tasha na koya wa kaina. Shi ke nan dalilin. Ba baƙin ciki ne ya kai ni ba, ba kuma asiri aka yi mini ba. Tsoron dariyar mutum uku ne, waɗanda yau ko sunan ɗayansu ba na tunawa.

A Nima, inda aka haife ni, mashayin taba ba shi da daraja. Ba za a kore ka daga masallaci ba, amma ranar da ka je neman aure za a tuna. Saboda haka na tsara wa kaina dokoki, na kuma bi su fiye da yadda na bi nafilfili. Ba na sha a gida. Ba na sha a kan layinmu. In a Tudu nake, bayan tasha. In a unguwa nake, wani lungu kusa da babbar kwatar nan da ta raba Nima da Mamobi, inda warin wurin ma ya isa ya rufa wa mutum asiri. In na gama sai goro, sai kanumfari, sai wanke hannu da sabulu, sai turare. Na yi aure a 2008. Maiɗakina ta gano a mako na biyu, domin ita ke wanke rigunana, kuma garwashin taba ba ya shawara da aljihun shadda. Ta yi magana sau biyu, na ce mata zan bari, ta sa mini ido.

Hujjata ta kowace shekara ita ce azumi. In wani ya matsa mini sai in ce, "Ni taba ba ta kama ni ba. Ba ga shi ina kai azumi talatin ba? In na ga dama yau ɗin nan zan ajiye ta." Abin da ba na faɗa shi ne yadda nake shan ruwa: dabino ɗaya, kurɓin koko, a yi sallama daga sallar magariba, kafin liman ya shafa addu'a na kai bakin kwata. Da asuba kuma kara na ƙarshe yana hannuna har sai ladan ya buɗe baki.

Dokar kula da lafiyar jama'a ta Ghana ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a. Ban ji ta a jikina ba, tunda ni dama a ɓoye nake sha. Wajen ƙarshen 2018 aka fara buga hotunan cututtuka a jikin kwalayen sigari. Wannan ya ɗan taɓa ni, amma nan da nan na samo magani: da na sayi kwali sai in juye karan cikin wani tsohon gidan tabarau, in jefar da kwalin ban kalle shi ba. Ku riƙe wannan dabarar tawa, za mu sake haɗuwa da ita.

Abin da ya tsorata ni na gaskiya matakala ce. Siton da muke ajiye kaya a bene yake, hawa biyu. Wata rana ina hawa, hannuna ba komai sai littafin rasit, na tsaya a tsakiya ina haki na dafa bango. Wata yarinyar kayaye, da ba za ta wuce shekara 15 ba, ɗauke da kwali uku na takalma a ka, ta tsaya a bayana tana jiran in ba ta hanya. Na matsa, ta wuce, ko numfashinta ban ji ba. Shekarata 37 a lokacin.

Ranar 31 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da shan taba ta duniya, kuma a 2019 ta faɗo a Juma'ar ƙarshe ta watan azumi. Na ji ana ta maganar a rediyo, na ce lallai wannan ishara ce. Da dare na je majalisarmu, wadda samarin zango ke kira bes, ana dafa ataya. Na miƙe tsaye a gaban kowa, na fito da gidan tabarau, na karya karan nan ɗaya bayan ɗaya, na watsa su kwata. Aka yi kabbara. Wani ya ɗauke ni hoto. Na kwana ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Kwana tara na yi ina ɗanɗana kuɗata. Kai kamar ana sara da gatari, barci ya ƙaura, abu kaɗan in hau yara da faɗa. Ko naman Sallah ban ji daɗinsa ba. A daren kwana na goma na koma bes, na tarar an kafa tukunyar shisha a tsakiya, wani yaro da ya dawo daga ci-rani a ƙasashen Larabawa yana jera garwashi. Ƙamshin tuffa da na'ana'a ya cika wurin. Ya ga yadda nake matsa goshi, ya miƙo mini tiyon.

"Yaya, ja kaɗan ka ji."

"Kai, na bar taba."

"Ai wannan ba taba ba ce, Yaya, 'ya'yan itace ne. Kuma ba ka ga ruwa ba? Duk dattin a ruwan yake tsayawa."

Na ja. Na sake ja. Kafin a sauke ataya ta biyu ciwon kan da ya yi kwana tara yana cina ya ɗauke kamar an zare ƙaya. To a nan ne mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa: me ke cikin tuffa da yake maganin ƙishirwar taba? Ai da haka ne, da masu sayar da kayan marmari a kasuwar Nima sun fi likitoci ciniki. Ni kuwa da na ji sauƙi cewa na yi, "Alhamdu lillahi." Har da godiya ga Allah.

Bayan mako biyu na sayi tukunyata a Tudu, doguwa, mai shuɗin gilashi. Sai wata matsala ta taso. Ni magidanci ne mai 'ya'ya uku, bai dace a riƙa ganina kullum cikin samari ana karɓa-karɓar tiyo ba. Don kare mutuncina sai na kai ta gida. Ciki da falo muke haya a gidan yawa, falon taga ɗaya gare shi, tana kallon bangon maƙwabta, kuma da magariba ta yi muke rufe ta saboda sauro.

"Baban Auta, wannan kuma mene ne?" in ji maiɗakina.

"Abin da ya raba ni da taba ke nan. Ki gode masa."

"To ai hayaƙi nake gani."

"Tururi ne. Shinshina ki ji, kamar turaren wuta."

Bayan 'yan kwanaki ta ce kanta yana ciwo duk daren da na kunna. Na ce zafin gari ne. Ta ce yaran suna tashi da tari. Na ce maganin sauron da take kunnawa ne. Kowace tambaya ina da amsarta a aljihu, kamar ɗan canjin Tudu da ƙananan kuɗi.

Auta tana da shekara 5 a lokacin. Ƙarar ruwan tukunyar tana ba ta dariya, ita ta raɗa mata suna "mai gurgur". In na dawo daga kasuwa na ci tuwo, sai ta ruga ta ɗauko mini awartakin garwashi, ta zauna a cinyata. Na koyi busa hayaƙin ya fito zobe-zobe, ita kuma tana miƙa ɗan yatsanta tana ƙoƙarin sa shi a ciki kafin ya watse. Wani lokaci ta sa fuska. Mu yi ta dariya. Na sha gaya wa kaina cewa tun da na bar taba na samu lokacin zama da iyalina.

A waje kuwa na zama mai wa'azi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ni kuma a Tudun ma nake aiki. Akwai wani abokina mai gyaran waya da muka yi shekaru muna raba kara ɗaya. Na hana bawan Allah nan sakat. Na haddace alƙaluma ina zuba masa: hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji, taba tana kashe miliyoyin mutane a duniya kowace shekara, ciki har da sama da miliyan ɗaya da ba su taɓa sa ta a baki ba, hayaƙin wasu kawai suka shaƙa. Duk gaskiya ne. Har wannan na ƙarshen nakan faɗa da ƙarfi, ina nuna shi da yatsa, sannan in koma gida in hura garwashi.

Cikin Janairun 2020, hunturu ya sauko Ankara da ƙura. Wani dare wajen ƙarfe biyu maiɗakina ta tashe ni. Auta tana zaune a kan katifa, ta dafa gwiwoyinta, numfashinta yana fito kamar usur. Da na ɗaga rigarta na ga fatar tsakanin haƙarƙarinta tana lotsawa ciki duk lokacin da ta ja iska. Ba ta kuka, ba ta da numfashin yin kukan. Na saɓa ta a kafaɗa, muka fita titi muka tari tasi zuwa asibitin da ke kusa da mu.

Aka sa mata abin rufe hanci da baki mai fitar da tururin magani. Bayan kamar rabin awa ƙirjinta ya fara sakewa. Wata nas, babbar mace, 'yar zango ce don da Hausa ta yi mana magana, ta jawo kujera ta buɗe kati tana tambaya. Ta taɓa yin irin wannan? Akwai mai asma a dangi? Kuna girki da gawayi a cikin ɗaki? Kuna kunna maganin sauro? Akwai kyanwa? Sannan ta ce:

"Akwai mai shan taba a gidan?"

Wallahi har gyara zama na yi. Wata takwas ina jiran wani ma'aikacin lafiya ya yi mini wannan tambayar.

"Babu, Hajiya. Da dai ina sha, amma yau wata takwas ke nan da na bari."

"Madalla, Alhaji. Allah ya ƙara tsarewa."

Ta sunkuya za ta rubuta. Sai Auta ta sa hannu ta janye abin da ke fuskarta, da 'yar muryarta da ta dushe ta ce:

"Baba ba ya shan taba. Mai gurgur yake sha. Yana yi mini zobe."

Ba ƙarata ta kai ba. Kare ni take yi. Ta ji ana tambayar babanta wani abu mai kama da laifi, ta tattara ɗan numfashin da ta samu ta ba da shaida a kaina, tana kallona tana jiran in ce ta kyauta.

Biron nas ya tsaya. Ba ni ta kalla ba, maiɗakina ta kalla. Maiɗakina ta kalli ƙasa.

"A ina ake shan ta?"

"A falo," in ji maiɗakina.

"Taga a buɗe?"

Na ce, "Sauro ne, Hajiya…" Ban ƙarasa ba.

Tunda na ɗauki alƙawarin faɗin gaskiya, bari in faɗi abin da ya zo mini a zuciya bi da bi. Na farko haushi ne, haushin yarinya mai shekara 5 da ke kan gadon asibiti, don ta kunyata ni gaban baƙuwa. Na biyu, bakina ya fara haɗa bayanin ruwa da tuffa, har na ja numfashi zan fara. Na ukun shi ya hana ni magana, domin a daidai lokacin na gane cewa ba yau na sani ba. Tun daren da ciwon kaina ya ɗauke a bes na sani. Jikina ya gane tsohuwar abokiyarsa tun zuƙar farko, ko da ta sauya zane ta shafa turare. Ba yaron nan ne ya yaudare ni ba, shi abin da ya ji ya faɗa. Ni ne na je kasuwa neman wanda zai sayar mini da ƙarya, na samu da araha.

Nas ɗin ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi, da na samu abin jin haushi. Ta mayar wa Auta abin a fuska, ta gyara mata igiyar, ta goge abin da ta fara rubutawa ta rubuta wani. Da za ta tashi ta ce, "Alhaji, in ka koma gida ka karanta kwalin."

Da gari ya waye na koma ɗauko musu kaya. Falon yana nan da ƙamshin daren jiya, ya kama labule da kujeru da filon da Auta ke kwana a kai. Na duba bayan kabad na samo wani kwalin da ban kai ga jefarwa ba. Ga sunan taba nan a rubuce, ga gargaɗin lafiya. Ni da nake rubuta rasit tun safe har yamma, na buɗe irin kwalin nan ya fi sau talatin. Yaya aka yi ban gani ba? Domin da na saya nake juye abin cikin wata robar man shafawa, in jefar da kwalin ban kalle shi ba. Dabarar gidan tabarau ce, ko gyara ban yi mata ba.

Daga baya na nemi bayani, irin neman da ya kamata in yi tun kafin in sayi tukunya. Abin da ake zubawa a kan shisha ganyen taba ne da aka cuɗa da zuma ko ruwan rake da kayan ƙamshi, nikotin ɗinsa yana nan. Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, kuma sanyin ne ke sa mutum ya ja shi har ƙasan huhu ba tare da ya yi tari ba. Tun a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi cewa mai shan sigari yakan gama kara cikin minti 5 zuwa 7, mai shisha kuwa yakan zauna minti 20 zuwa 80, kuma a zama ɗaya yana iya shaƙar hayaƙin da yawansa ya kai na kara 100 ko fiye. Ga kuma garwashin, wanda ke fitar da iskar kabon monoksaid, mai guba, marar wari, wadda ke sa ciwon kai a rufaffen ɗaki. Ciwon kan maiɗakina ke nan da na ɗora wa zafin gari. Ruwanda da Kenya sun haramta shisha a Disambar 2017, shekara ɗaya da rabi kafin ni in gano ta a matsayin magani. Har ma akwai ruwayar da ke cewa wani likita ne a fadar Sarki Akbar na Indiya ya fara ba da shawarar a bi da hayaƙin taba ta cikin ruwa don a rage cutarsa. Ashe ko ƙaryar da na yi wa kaina ba tawa ba ce, gwanjo ce mai shekara sama da 400.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lissafin kunya. Sigari tana da wari, tana da mummunan suna, shi ya sa ta yi shekara 20 a bakin kwata ba ta taɓa taka falona ba. Kunyar nan da nake ganin ta dame ni, ita ce katangar da ta tsare 'ya'yana. Da aka kawo mini tabar da ba a jin kunyarta, mai ƙamshi, mai kwalliya, wadda ake ɗaukar hoto da ita, sai na ɗauke ta da hannuna na shigar da ita ɗaki, na rufe taga, na ɗora 'yata a cinya. Sannan in na duba da kyau, ba lafiya na fita nema ba ranar da na karya karan nan gaban jama'a. Kabbarar nake so. Suna nake so, a ce wane ya bari. Da na samu sunan, sauran duk na bar wa tukunya.

Likita ya ce asma tana da abubuwa da yawa masu tayar da ita: ƙurar hunturu, hayaƙin girki, gado, sanyi, hayaƙin taba. Na yi wuf na kama wannan, a hanyar gida na ce wa maiɗakina, "Kin ji ko, har da ƙura." Ta ce, "Na ji. Ƙurar dai ba kai ka sayo ta a Tudu ba." Ban sake ɗaga zancen ba.

Bari na biyu ba a yi kabbara ba. Tukunyar na fasa ta da kaina, don na san in na bayar da ita kyauta falon wani za ta koma. Na je wajen Mma, mahaifiyata, na durƙusa na gaya mata komai, tun daga 1999. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Tun kana kwana a ɗakina nake jin warin a matashinka. Goron ma ai nawa kake ɗiba." Abin alfaharina na shekara 20 ke nan ya tafi.

Kwana uku zuwa huɗu na farko su ne masu tsanani, daga nan abin yana zuwa ne kamar igiyar ruwa, ya taso ya yi 'yan mintuna ya kwanta. In ya taso sai in sa asuwaki a baki, ko in sha ruwa, ko in fita in taka. Na daina zuwa bes, na sauya hanyar da nake bi zuwa tasha. A Fabrairu na zame sau ɗaya: rigima da wani mai kaya, na tsinci kaina a bayan tasha da kara a hannu. A daren na gaya wa maiɗakina da bakina, tun kafin ta shinshino. Da aka sa dokar kulle a Ankara ranar 30 ga Maris 2020 saboda korona, mako uku ba Tudu ba majalisa, sai ni da ita da yara a ciki da falo, ido cikin ido. Mutane da yawa sun sha wuya a makonnin nan, mu ma mun sha, amma ni sun yi mini rana. Abokina mai gyaran waya kuwa na je na ba shi haƙuri. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce dama yana jin ƙamshin tuffa a rigata duk lokacin da nake masa wa'azi.

Ɗan'uwa, in kana shirin bari, je ka sami ma'aikacin lafiya ka gaya masa duk abin da kake sha, da sunansa, akwai taimakon da za su iya yi maka. In kuma wani ya miƙo maka abin da ya kashe maka ƙishirwar taba nan take, karɓi kwalin ka karanta kafin ka ce alhamdu lillahi.

Auta tana zuwa makaranta da maganin shaƙa a jakarta har yau. In aka tambaye ni yaushe na bar taba, Fabrairun 2020 nake cewa. Watannin tukunya ba sa cikin lissafi.